Muryar Baba a Bakin Auta

Bari in fara da wanke kaina, domin har yau ana ja mini wannan maganar a gidanmu: na gwada abin nan kafin in fita aiki, kuma ya yi. Duk wanda ya ce ban gwada ba ya zo ya faɗa a gabana.

Ƙanwata Auta ce ta jawo mana komai. Yarinya ta yi karatun haɗa magunguna, tana da aikinta a kantin magani nan bayan layinmu, in ta ga dama ma da silifa take tafiya, sai ga ta rana tsaka ta ɗauko sabuwar rigima, wai ita labarai take so ta riƙa karantawa. Wani gidan talabijin ne na intanet, a wani gari mai nisa, tafiyar wuni guda a mota. Ta tura musu muryarta ba tare da kowa ya sani ba, suka kira ta, suka ce ta zo ta karanta labaran rana kai-tsaye sau ɗaya su gani. In ta yi musu, aiki ya zama nata, amma fa can za ta zauna.

Ni ban ga laifinta ba. Auta tana da murya, wannan ko maƙiyinta ya sani. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen Baba. Mahaifinmu a ma'aikatar ruwa ya ƙare ƙuruciyarsa, cikin ɗakin manyan injinan da ke tura ruwa gari, kuma injinan nan sai da suka cinye masa kunne kafin su sallame shi. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma sai ranar da ya ga dama. Amma kada ka kuskura ka ce masa ba ya ji. Shi a wajensa kunnensa lafiya lau, mutanen yanzu ne ba su iya magana ba. In na yi magana ya ce ina haɗiye kalmomi. In Ummanmu ta yi ya ce da bango take hira. Auta kaɗai ce in ta zauna ta gefen damansa, ko ba ta ɗaga murya ba, yake jin ta sarai. Ita ke raka shi asibiti, ita ke amsa masa waya, in baƙi sun zo ita ke zama kusa da shi tana maimaita masa abin da suka ce, wani lokaci har ta gyara musu zancen ya fi yadda suka faɗa daɗi.

Da aka kai masa maganar talabijin, sai ya buɗe jakar dalilai. Ya ce karatun magani ba na wasa ba ne da za a ninke a saka ƙarƙashin gado. Ya ce mutanen talabijin fenti suke shafa wa fuska. Ya ce ruwan wancan garin ma ba shi da kyau, shi ya san injinan da suke amfani da su. Umma ta bi shi kwana da kwanaki da lallami, wanda dole sai da ihu ake yin sa, har dai ya gaji ya ce ta je ta yi ya gani. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba.

Ranar da za ta tafi, muna tsaye bakin titi muna jiran mota, ta riƙo hannuna ta ce, “Yaya, ko sun ɗauke ni, in Baba bai ce in tafi da bakinsa ba, ba zan karɓa ba.”

Na ce mata ta daina shirme. Amma na san halinta. Auta ba ta da hayaniya irin tawa, sai dai in ta ce abu ta gama.

Sannan ta roƙe ni in naɗa mata shirin, domin gidan talabijin ɗin ba ya ajiye shirin gwaji a intanet, da an gama shi ke nan ya wuce, ita kuwa tana so ta ga kanta ta san inda ta yi kuskure. Na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Matsala ɗaya, ranar Alhamis ce da tsakar rana, ni kuma a ɗakin gwajin jini nake aiki a wani asibiti, kuma shugabarmu mace ce da ko atishawa ka yi sai ta duba agogo. Don haka na saukar da wata manhaja a kwamfutata, irin wadda ke ɗaukar duk abin da ke motsi a allo ta mayar da shi bidiyo. Da safe kafin in fita na ɗora kwamfutar a teburin falo, na buɗe wani bidiyo na wata mata da ke koyar da ninke zanen gado, na ƙure lasifika, na danna maballi, na jira kaɗan, na tsayar, na kunna abin da aka ɗauka. Ga matar, ga zanen gadonta, ga muryarta raɗau. To don Allah wane gwaji ne ya wuce wannan?

Na buɗe shafin gidan talabijin ɗin na bar shi a shirye. Maballin da za a danna na liƙa masa jan filasta, na kira Baba na nuna masa: in an fara ya danna, in an gama ya sake dannawa. Ya dubi filastar ya dube ni, ya ce shi da ya yi shekaru yana tada injin da ya fi falon nan girma shi zan koya wa danna maballi? Na ba shi haƙuri na ɗauki jakata. A gefen kwamfutar kuwa na bar babban abin sauraro na kunne, mai soso, wanda nake sakawa in ina sauraron darasi don kada in dami kowa. Ko a raina ban kawo komai game da shi ba.

Da na dawo da yamma na ga fayil ɗin yana nan, ƙato, na ce alhamdu lillahi na rufe kwamfuta. Ban buɗe ba, don na gaji, kuma ina so mu kalla tare da mai abin. Na tambayi Baba yaya shirin, ya ce wuta ba ta ɗauke ba. Na tambayi Umma, ta ce Auta ta yi kyau, rigar ta karɓe ta, sai ta shige kicin da sauri kamar ta bar abu a kan wuta.

Auta ta dawo ranar Juma'a da yamma, fuskarta kamar an kunna fitila. Sun ɗauke ta. Sun ce ta ba su amsa zuwa safiyar Litinin. Ta shiga ɗakin Baba ta durƙusa ta gefen dama, ni da Umma muna bakin ƙofa. Ya tambaye ta hanya. Ya tambaye ta ko direban ya yi gudu. Ya tambaye ta ko ta sha ruwan garin, ta ce na gora ta saya, ya ce ta kyauta. Da ta ga zai ƙare tambayoyinsa bai taɓo inda take jira ba, sai ta ce masa sun ce ta yi, kuma sun ba ta aikin.

“An gani,” in ji Baba. Ya ɗauki hularsa ya ce zai je duba wani tsohon abokin aikinsa da ba shi da lafiya.

Ban taɓa ganin fitila ta mutu da sauri haka ba. Auta ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta je ta ɗauko farar rigarta ta kantin magani, ta jona dutsen guga, ta hau goge ta a tsanake, har da aljihu. Ni kuwa gugar nan ta fi zagi ƙona mini rai.

Washegari na same shi a tsakar gida yana kwance famfo, wanda lafiyarsa ƙalau, don dai hannunsa ba ya iya zama. Na tsaya ta dama na fara zuba. Na ce yarinya ta yi abin da ya ce ta yi, ta ci, saura me? Na ce kalma ɗaya ce take jira. Kafin in kai tsakiyar jawabina sai ya ɗaga kujerarsa ya juya, wai hasken ya fi kyau ta can, ya miƙo mini kunnen hagu. Na zagaya, ya sake juyawa, wai sukurudireba ce ta faɗi. Haka muka yi ta kewaya famfon nan ni da ubana, ina ihu yana gyaɗa kai, har maƙwabcinmu tela ya leƙo ta katanga ya tambaya ko lafiya. Na haƙura na koma ɗaki ina huci. Na je wajen Umma, ita ma ta ce in bar mutum da halinsa, kuma ta ƙi yarda mu haɗa ido.

Ranar Lahadi bayan cin abincin rana Auta ta shigo ɗakina ta zauna bakin gado. Ta ce ta yanke shawara, gobe da safe za ta kira su ta ba su haƙuri. Na buɗe baki, ta ce don Allah Yaya kada mu sake. Abu ɗaya kawai take so, in kunna mata bidiyon ta ga kanta sau ɗaya, daga nan in ma so in goge. Raina ya ɓaci, tausayinta ya kama ni, na rasa wanda zan fara ji. Na ɗauko kwamfuta na ɗora a kan filo na kunna.

Hoto dai ba a magana, tas kamar a madubi. Ga Auta cikin shuɗiyar riga a bayan wani dogon tebur, kusa da ita wani mutum mai jan taye da zai karanta labaran wasanni. Sai dai babu kiɗan buɗe shiri. Abin da muka fara ji ƙarar fanka ce, kuma na gane ta, fankar falonmu ce mai ƙyas-ƙyas ɗin nan. Sai tari. Auta ta ɗago kai a allo, ta yi murmushi, ta buɗe baki, sai wata ƙatuwar murya ta tsoho ta fito:

“Ta ce barkanmu da rana. To, barka kadai.”

Na hau danne-danne, na ƙara sauti, na rage, na cire na mayar. Babu muryar Auta ko ta ƙwayar kalma. Sai daga baya wani abokin aikina da ke kula da kwamfutocin asibiti ya yi mini bayani yana dariya har da riƙe ciki. Ashe kwamfuta kunne biyu gare ta. Akwai na waje, makirufo, mai jin abin da ke faruwa a ɗaki, akwai kuma na ciki, mai jin sautin da ita kanta take fitarwa. Manhajar nan na wajen kawai take buɗewa, sai ka shiga wani lungu ka danna wani ɗan akwati kafin ta buɗe na cikin. Ni da na yi gwajina, lasifika a ƙure take, makirufo ya tsinci muryar mai zanen gado daga iska, na ɗauka komai ya zauna. Shi kuwa Baba da ya ga lasifikar ba ta shiga kunnensa, sai ya jawo abin sauraron nan nawa ya soka ya kifa a kai. Daga nan muryar Auta ta daina fita ɗaki, ta koma cikin kan Baba shi kaɗai. Ku faɗa mini tsakani da Allah, laifina ne ko na wanda ya ɓoye akwatin a lungu?

A lokacin dai ban san duk wannan ba, kunya kawai nake ji. Na kai hannu zan rufe, Auta ta riƙe mini wuyan hannu ta ce in bari.

A cikin bidiyon muka ji takun silifar Umma, muka ji tana faɗa, wai ya cire abin nan kowa ya ji, 'yarsa ce shi kaɗai? Baba ya ce in ya cire ba zai ji ba, ta tsaya nan shi zai riƙa faɗa mata. Kuma ka san mai abu a kunne bai san ƙarfin muryarsa ba, balle wanda dama can ihu ne maganarsa. Haka labaran rana suka fara, bakin Auta na motsi, muryar Baba na biye da shi a baya kaɗan, kamar mai bin motar da ta tashi ta bar shi.

Sai dai Baba ba ya maimaita labari haka kawai, sai ya sa masa gishiri. Auta ta karanta cewa za a gyara wata gada, Baba ya faɗa wa Umma za a gyara gada, sannan ya ƙara da cewa ƙarya suke yi. Ta karanta cewa an buɗe sabon ɗakin karatu, ya ce madalla, in dai za su share shi. Da aka zo labarin wani babban bututun ruwa da ya fashe ya cika titi, ai sai Baba ya manta da Umma gaba ɗaya. Ya tambayi allo inci nawa ne bututun. Ya ce ya rantse ba su rage matsi ba kafin su buɗe bawul. Ya kira injiniyoyin garin da sunayen da ba zan maimaita ba. Duk wannan yana fitowa ne daga bakin Auta, tana zaune a nutse cikin shuɗiyar riga, tana murmushin ma'aikata. Umma na cewa me ta ce, me ta ce, shi kuwa yana can yana koya wa mutanen da bai taɓa gani ba yadda ake ɗaure bututu.

Na dubi Auta a gefena. Ta toshe baki da filo, kafaɗunta na rawa. Ni ma sai na sake, muka yi ta dariya har cikina ya ƙulle.

Can sai mai jan taye ya sako baki tun Auta ba ta kai aya ba. Nan take Baba ya taso masa. Ya ce kai malam wa ya kira ka, bari yarinya ta gama, ƙwallon naka guduwa zai yi? Ya faɗa wa Umma cewa mutumin nan baƙin ciki yake yi, ya ga an fi shi. Umma ta ce ai tun da ta ga tayen ta san za a rina. Daga nan duk lokacin da kyamara ta koma kan bawan Allahn nan sai Baba ya yi tsaki ya ce babu abin da yake faɗa, ba sai an fassara ba.

Wajen tsakiyar shiri Auta ta yi tuntuɓe a kan sunan wani magani, abin dariya, ita da ta yi shekaru tana sayar da shi. Muka ga ta ɗan tsaya, idonta ya sauka kan takarda. Sai muryar Baba ta sauko, ta yi laushi irin yadda ban taɓa jin ta ba.

“Ba komai, Auta. Ci gaba. Babu wanda ya ji. Yauwa, ɗago kanki. Haka.”

Kuma kamar ta ji shi, a allon ta ɗago kai ta ci gaba. Daga nan Baba ya yi tsit. Bakin Auta na ta motsi, fanka na ta ƙyas-ƙyas, babu fassara. Umma ta tambaya, shiru. Ta sake tambaya, muka ji alamar ta zungure shi, ya ce ta dakata mana, sauraro yake yi. A ɗakina ma dariya ta tsaya. Auta ta sauke filon ta ɗora a cinya.

Shiri ya ƙare, aka sa talla, allo ya koma shuɗi. Baba bai danna jan filasta ba, injiniyan manyan injina ya manta. Muka ji ya ajiye abin kunnen a kan tebur, kujera ta yi ƙara.

“Ke ba ki ji ta ba,” ya ce wa Umma. “Ni na ji. Ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Na manta rabon da in ji magana tun daga farkonta har ƙarshenta. Yarinyar nan ta iya. Wallahi ta iya.”

Umma ta ɗaga murya ta ce to ya faɗa mata mana, ya ce ta tafi.

Sai muka ji yana bubbuga hannun kujera.

“In ta tafi wa zai zauna nan? Baƙi su zo su yi ta magana ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Likita ya yi bayani in ce to, ban san me na ce wa to ba.” Ya ja numfashi. “Ba hana ta zan yi ba. Bakina ne ya ƙi faɗa. Ki bar ni in ɗan kwana biyu da abin. Kuma kada ki gaya mata wannan, kin san halinta, sai ta fasa saboda ni.”

Bayan haka sai gardama ta kaure a kan ko an danna filasta ko ba a danna ba. Umma ta ce bai danna ba, ya ce ya danna tun ɗazu, ita me ta sani game da na'ura. Ƙarshe muka ga allon ya yi duhu, ya kifa murfin kwamfutar ne kawai.

Na juya na ga hawaye na bin fuskar Auta, ba ta ko share su ba. Ni kuwa haushin kaina ya kama ni, don jiya-jiya nake zagaya famfo ina yi wa tsohon nan ihu. A bakin ƙofa kuwa ga Umma tsaye da kwandon wanki, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

“Ni dai ku shaida ban faɗa ba,” in ji ta.

Auta ta miƙe ta nufi ɗakin Baba ta tura ƙofa ta rufe. Ni da Umma muka bi ta muka tsaya a baranda, Umma na ninke tawul ɗaya tana warwarewa. Ba sai mun kasa kunne ba. Da alama da ya ga fuskarta ya san da magana, ya yi mata irin abin da ya yi mini, ya juya mata hagu. Karo na farko a rayuwata na ji Auta tana ihu. Ta faɗa masa cewa kwamfuta ta ɗauki duk abin da ya ce, tun daga gada har bututu har abin da ya biyo baya.

Sai na ji an ƙwala mini kira da cikakken sunana, irin kiran da rabona da shi tun ina makarantar firamare. Na leƙa. Baba na zaune bakin gado, hula a gwiwa, kunya da faɗa suna kokawa a fuskarsa. Ya ce ashe na'urar leƙen asiri na dasa masa a falo. Ya ce a goge yanzu-yanzu. Ya ce kuma maganar bututu yana nan a kan bakansa, ba su rage matsi ba. Na ce Baba ni muryar da ke fitowa daga ciki na so ɗauka, ya ce to ai na ɗauka.

Auta ta zagaya ta durƙusa ta damansa. Wannan karon bai juya ba. Ta ce masa, a muryarta ta kullum, gobe da safe ne za ta ba su amsa, kuma ta riga ta yi wa kanta alkawari ba za ta karɓa ba sai ya ce ta tafi. Shirun da ya yi don kada ta fasa, shi ne ya sa ta goge farar riga. Baba ya dube ta, ya dubi Umma, ya ce shi ba wanda ya faɗa masa haka. Umma ta ce an faɗa, ta hagu aka faɗa.

Ya murza hular a hannunsa, ya sunkuyar da kai, ya yi wata magana can ƙasa-ƙasa wadda ni ban kama ba.

“Ban ji ba, Baba,” in ji Auta.

Ya ɗago ya harare ta. Ta ji sarai, shi ma ya san ta ji. Amma ta tsaya tana kallonsa da jiƙaƙƙun idanu, ba ta da niyyar sassauta masa.

“Na ce ki tafi!” Muryar ta cika ɗakin ta fita ta taga. “Ki je ki karanta labaranki. Allah Ya yi miki albarka. Kin ji yanzu?”

Daga bayan katanga tela ya amsa da amin, ya ƙara da Allah Ya sa a fara a sa'a. Umma ta fashe da dariya tana goge ido da tawul. Auta ta kifa kanta a gwiwar Baba, shi kuma ya ɗora mata hannu a ka yana kallon silin, yana faɗin cewa gidan nan ba a iya sirri ba.

Ta tafi a ƙarshen makon. Bidiyon ba a goge ba, yana wayarta, ta ce duk ranar da mai jan taye ya ɓata mata rai shi take kunnawa. Na danna ɗan akwatin nan na lungu, yanzu manhajar tana ɗaukar sautin ciki lafiya lau, sai dai babu mai buƙata, don kullum da tsakar rana Baba na gaban kwamfutata da abin kunne a kai, ya riga ya gaje shi da raina.

Bayan tafiyarta da 'yan kwanaki wasu abokan aikinsa na da suka zo gaishe shi. Na kawo musu ruwa zan fita, sai na ga ya gyara zama yana murmushi, yana gyaɗa wa wani kai alhali mutumin tambaya ya yi masa. Bai kira ni ba, kuma na san ba zai kira ba. Na ajiye faranti na zagaya na zauna ta damansa. Na maimaita masa tambayar, ya ce ina haɗiye kalmomi. Na ji zuciyata ta taso kamar kullum, na danne ta, na matsa kusa da kunnensa na sake faɗa a hankali.